Maki 18 bisa 20: wa ke awon aikin ma'aikaci a ƙasar Arewa?

Akwai wata takarda wadda manomi bai taɓa gani ba, ɗan kasuwa kuma bai san launinta ba, amma tana cikin abubuwan da ke yanke ko za a buɗe biro da sassafe ko kuwa sai hantsi ya dubi ludayi. Ita ce takardar maki, wadda doka ta ce kowane shugaban sarwis ya cika sau ɗaya a shekara bisa kowane ma'aikaci da ke ƙarƙashinsa. Daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, daga Sukukutan zuwa Gesheme, ana cika ta, ana buga hatimi, ana aika ta Doso, daga can ta wuce Yamai. Abin tambaya shi ne: tunda kusan kowa yana samun maki mai kyau, don me mai neman takardar haihuwa ke yin sawu uku kafin ya samu, don me kuma yaro ke gama shekara shida cikin lakwal bai iya karanta wasiƙa ba?

Gadon Nasara

Ba da ma'aikatan biro aka fara wannan awo ba a ƙasar Arewa. Da sarakuna aka fara. Lokacin da Faransawa suka kafa bariki a Dogon Dutsi cikin shekara ta 1906, har sarautar Sarkin Arewa ta taso daga Matankari ta dawo kusa da su, kwamanda ya riƙa ajiye takarda bisa kowane sarkin kanto, kamar yadda ake yi a duk ƙasashen da suke mulka. Kowace shekara yana rubuta ra'ayinsa: ko sarki na da biyayya, ko haraji ya shiga da wuri, ko ya kawo adadin mutanen da aka yanka masa domin aikin tilas, wanda ba a hana ba sai cikin 1946. Wanda takardarsa ta yi kyau, kasonsa na haraji ya tabbata, rawaninsa ya zauna. Wanda ta ɓaci kuwa yana iya wayuwar gari an tuɓe shi. Talakawan da ake mulka ba mai tambayarsu abin da suka gani.

Tun daga nan aka gaji wata ɗabi'a wadda har yau ba ta mutu ba: na sama shi kaɗai ke auna na ƙasa, kuma biyayya ce ake fara dubawa kafin aiki. Cikin watan Oktoba na 1946, Faransa ta yi babbar dokar ma'aikatan gomnatinta, wadda ta tanadi a riƙa ba kowane ma'aikaci maki na lamba tare da ɗan bayani bisa halinsa da ƙwazonsa. Nijar ta kwaikwayi wannan tsari cikin dokarta ta 1959, tun kafin samun mulkin kai, ta sake tabbatar da shi cikin dokar 8 ga Disamba 1989. Da dokar 1964 ta mai da Dogon Dutsi gunduma mai suprefe, sai takardun malamai, da na ma'aikatan likita, da na malaman gona da na dabbobi suka riƙa bin hannu-hannu, daga shugaban sarwis zuwa suprefe, daga shi zuwa prefe na Doso, har su kai ofishin minista.

A rubuce, tsarin ba shi da aibi. Ma'aikata sun kasu rukuni-rukuni, A, B, C da D, gwargwadon takardar shaidar karatun da mutum ya shiga aiki da ita. Cikin kowane rukuni akwai daraja hawa-hawa, cikin kowace daraja kuma akwai matakai. Hawan mataki yana zuwa ne da daɗewa cikin aiki, bayan shekara biyu-biyu. Hawan daraja shi ne aka ce sai da cancanta, wato sai an duba maki an jera sunaye. Ke nan maki shi ne ya kamata ya raba mai himma da malalaci. Sai dai da sannu ma'aunin ya lalace. Shugaba ya ga idan ya ba yaronsa 12 ya tare masa hanyar ƙarin girma, alhali shugaban wani gari yana ba nasa 18 ba tare da wani bincike ba. Sai kowa ya ɗaga hannu, har ta kai 15 bisa 20, wanda ɗan lakwal zai yi murna da shi, ya zama kamar zagi ga ma'aikaci.

Daga tsoron Kunce zuwa bashin albashi

Tsofaffin ma'aikata na yawan ambaton zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, suna cewa lokacin ne aiki ke aiki. Gaskiya ne shugaban yakan faɗo biro ba sanarwa da safe, wanda bai tarar bisa kujerarsa ba kuwa ya san sauran. Labarin irin wannan ziyara kaɗai ya isa ya sa akawun da ke can Kore Mairuwa ya fito gida da wuri. Amma ya kamata a bambanta abu biyu. Abin da aka auna a wancan zamani shi ne zuwa aiki, kuma tsoro ne ya riƙe shi. Tsoron nan na rataye ga mutum guda, shi ya sa da mutumin ya kau, sai igiyar ta saki.

Abin da ya biyo baya ya ƙarasa takardar maki. Kuɗin uraniyom suka faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni ya shigo, aka daina ɗaukar kowane mai digiri aiki kai tsaye. Babban taron ƙasa na 1991 ya zo da ƴancin jam'iyyu, amma ya tarar da baitulmali fayau. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ma'aikatan gomnati, waɗanda yawansu ke wajen 40.000 a lokacin, suka riƙa bin bashin albashi na watanni da dama, yajin aikin ƙungiyar USTN ya zama ruwan dare, ƴan lakwal suka san abin da ake kira farar shekara. Ko zamanin Janar Ibrahim Bare Mainasara, ɗan asalin Dumega, daga 1996 zuwa 1999, matsalar ba ta warware ba. An sha yi ma mutum ƙarin girma a takarda, kuɗin ƙarin kuwa sai ya shekara da shekaru yana jira.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wane shugaba ne zai dubi idon malamin da ya yi wata uku bai ga albashi ba, wanda bashin mai kanti ya yi ma katutu, ya ce ya rage masa maki don ya tafi gona ranar aiki? Ƴan kasuwar Dutsi da suka riƙa ba ma'aikata shinkafa da sabulu bashi cikin waɗannan shekaru sun san wannan labari fiye da kowa. Sa'annan siyasa ta ƙara nata. Tun da aka fara rabon muƙamai tsakanin jam'iyyun ƙawance, ma'aikaci ya gane cewa katin jam'iyya ya fi takardar maki saurin kai mutum sama.

Masu bincike na cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai cikin 2001, sun daɗe suna nazarin wannan hali. Cikin 2014, Jean-Pierre Olivier de Sardan ya rubuta wani rahoto domin hukumar ƙoli ta zamanantar da aikin gomnati, inda ya jera ɗabi'un da suka zama jiki cikin ma'aikatu: rashin zuwa aiki, fifita dangi da abokai da sanayya, sa bakin manya idan za a hukunta mai laifi, rashin sakayya ga mai ƙwazo, da farautar kuɗin zaman taro. A ƙasa irin Arewa, inda shugaba da yaronsa ke haɗuwa wurin suna da biki da zaman makoki, nauyin nan ya fi tsanani. Shugaban da ya rubuta gaskiya bisa wani, kafin takardar ta kai Doso an riga an aiko masa kawu ko surukin wanda ya rubuta a kansa.

Darasin watan Yuli 2017

Sau ɗaya aka auna wani babban rukunin ma'aikata da ma'auni mai tsanani, kuma girgizar ta kai kowane ƙauye. Tun 1998, don a yawaita lakwal ba tare da albashi ya cinye kasafi ba, gomnati ta fara ɗaukar malaman sa-kai da ɗan abin hasafi, daga baya aka mai da su ƴan kwantaragi. Cikin ƴan shekaru suka zama mafi rinjayen masu riƙe da alli a makarantun firamare, da yawansu kuma ba su taɓa shiga makarantar horon malamai ba. Azuzuwa suka ƙaru, yara suka ƙaru, ana ta yabon alƙaluma. Sai binciken PASEC na 2014, wanda aka yi cikin ƙasashe goma masu aiki da faransanci, ya nuna cewa a Nijar ko ɗaya cikin yara goma masu gama firamare bai kai matsayin karatun da ake bukata ba.

Cikin watan Yuli na 2017, ministan ilimin firamare na lokacin, Dauda Mamadu Marte, ya sa aka zaunar da dubun-dubatar ƴan kwantaragi bisa benci aka yi masu jarrabawar faransanci da lissafi. Ƙungiyoyin malamai suka ƙi, suka yi kira a ƙaurace, suna cewa malami a cikin aji ake auna shi, gaban ɗalibansa, kuma aikin sufeto ne. Da sakamako ya fito, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Aka soke kwantaragin dubbai, waɗanda makinsu ya yi ƙasa ƙwarai da waɗanda suka ƙi zama, aka ce na tsakiya za a ƙara masu horo.

Kowane ɓangare na da tasa gaskiya. Uban da ya hana ɗiyarsa talla ya kai ta lakwal yana da haƙƙin a ba ta malamin da ya san abin da yake koyarwa. Malamai su ma suna da ta cewa: wa ya ɗauke su aiki? Wa ya bar su shekara biyar, shekara goma cikin aji, ba wanda ya zo ya zauna bayan ɗalibai ya saurari darasinsu ya gyara masu? Sufeton da ke zaune Dutsi, wanda aka ɗora ma makarantu warwatse har can Dogon Kirya, in ba shi da mota mai lafiya ko man da zai zuba, ba zai ga malami ba sai a takarda. Darasin a fili yake. Awon da ba a yi kowace shekara cikin natsuwa, wata rana sai an yi shi gaba ɗaya da gatari, kuma ranar nan mai laifi kaɗan da mai laifi da yawa duk itace guda ne.

Abin da masana suka faɗa, da abin da wasu ƙasashe suka gwada

Ilimin tafiyar da ma'aikata ya daɗe da gano cututtukan mai ba da maki. Akwai sassauci, wato a ba kowa da yawa don a zauna lafiya. Akwai rakuɓewa tsakiya, kada a yabi kowa kada a zargi kowa. Akwai barin hali guda ya rufe sauran, kamar ma'aikaci mai ladabi da iya gaisuwa wanda ake mance cewa aikinsa na kwana bisa tebur. Akwai tuna abin da ya faru makon jiya a mance na wata goma. Akwai kuma son wanda ya yi kama da kai, ɗan garinku ko abokin karatunka.

Maganin da ya fi shahara shi ne wanda Peter Drucker, masani a Amurka, ya bayyana cikin 1954: tafiyar da aiki bisa manufa. Farkon shekara shugaba da ma'aikaci su zauna su yarda bisa abubuwa kaɗan da za a cimma, bayyanannu, masu ƙirguwa, waɗanda ba su fi ƙarfin kayan aikin da ke akwai ba, kowane da wa'adinsa. Tsakiyar shekara a waiwaya. Ƙarshenta a sake zama, ma'aikaci ya fara faɗin yadda yake ganin aikinsa, shugaba ya faɗi nasa, a rubuta abin da aka cimma da abin da ya gagara da dalili, a kuma rubuta irin horon da mutum ke bukata.

Maƙwabciya Najeriya ta ɗauki wannan hanya tun bayan rahoton kwamitin Udoji na 1974, wanda ya kawo rahoton shekara na fili, wanda ma'aikaci ke karantawa ya sa hannu, a madadin na asiri. Amma can ma da tafiya ta yi nisa sai kusan kowa ya zama gwani a takarda. Faransa da kanta, uwar maki bisa 20, ta ajiye shi ga yawancin ma'aikatan gomnatinta daga 2012, ta koma ga ganawar shekara tsakanin ma'aikaci da shugabansa na kusa. A Ruwanda, tun 2006, magadan gari ke sa hannu gaban shugaban ƙasa bisa alkawuran da za su cika cikin shekara, a kuma bayyana ma jama'a wanda ya zo na ɗaya da wanda ya zo na ƙarshe. A Nijar, dokar 23 ga Yuli 2007 ta sake fasalin aikin gomnati, ta yi maganar auna ƙwazon ma'aikaci kowace shekara, kuma daga 2018 aka fara tsara kasafin kuɗin ƙasa bisa shirye-shirye masu manufa. Ke nan ba doka ce ta yi ƙaranci ba.

Sai dai ƙirga ma na da nata tarko, kuma ƴan kasuwa su ne ke fara faɗawa ciki. Idan aka ce da yawan tarar da ya ci kaɗai za a auna ma'aikacin gandun daji, to mai jakin itace ya shiga uku. Idan da kuɗin shiga kaɗai za a auna ɗan duwan, mai buhu biyu na masara daga Bacaka ba zai sha ba. Idan da yawan yaran da suka wuce aji za a auna darakta, kowa zai wuce ko bai san baƙi ba. Duk lambar da aka ɗaura ma lada, za a samu mai ƙera ta. Shi ya sa ma'auni ɗaya ba ya isa, kuma dole a samu wani na waje mai zuwa ya tabbatar.

Horo ko perdiyam

Awo ba tare da horo ba zalunci ne, domin ba a tambayar mutum abin da ba a koya masa ba. Nijar na da gidajen horo. Makarantar koyon aikin mulki ta ƙasa, ENA, tana Yamai tun 1963, a cikinta kuma aka buɗe cibiya ta musamman domin horar da zaɓaɓɓu da ma'aikatan kumin. Akwai makarantar horon malamai ta Mali Bero a Doso, an buɗe wata a Dogon Dutsi. Malaman karkara sun san tarukan CAPED, inda na makarantu maƙwabta ke haɗuwa su koya ma juna. Ga asusun FAFPA domin masu sana'ar hannu da yaransu.

Amma wani giɓi na nan wanda ba a cika magana bisa kansa ba. Ana koya ma mutum aikin jinya, ko noma, ko koyarwa, sa'annan rana ɗaya a naɗa shi majo na gidan likita ko daraktan lakwal ko shugaban sarwis na gunduma, ba wanda ya taɓa koya masa yadda ake raba aiki, yadda ake jagorantar taro ya ƙare da shawara, yadda ake gaya ma babba da shekaru cewa aikinsa bai yi ba ba tare da an ci mutuncinsa ba. Shugabanci sana'a ce daban, kuma ana koyonta.

A madadin wannan, abin da ya yawaita tun shekarun 1990 shi ne tarukan ƙara ma juna sani na kwana biyu ko uku da proje-proje ke shiryawa, kowane da kuɗin zamansa. Ga ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, perdiyam ba abin rainawa ba ne. Illar ita ce zaɓen mai tafiya ya daina bin bukatar aiki. Shugaba ya tafi da kansa taron da ya shafi aikin yaronsa, ko ya tura wanda yake so ya saka ma. Mutum guda ya halarci taro iri ɗaya sau uku, wani kuma bai taɓa zuwa ba. Ranakun da ake can Doso ana sauraron jawabi, ƙofar biro na rufe, masu jira na zaune gindin bedi.

Wani masani ɗan Amurka, Donald Kirkpatrick, ya shimfiɗa tun 1959 tambayoyi huɗu da ake auna kowane horo da su. Shin waɗanda suka halarta sun gamsu? Shin sun koyi wani abu? Shin da suka koma wurin aiki sun sake yadda suke yi? Shin wannan sakewa ta haifar da amfanin da jama'a ke gani? Galibin taruka a tambaya ta farko suke tsayawa: a raba takarda, kowa ya rubuta cewa ya ji daɗi, a ɗauki hoto, a watse. Tambaya ta uku da ta huɗu suna bukatar wani ya koma ƙauyen bayan wata shida ya duba, wannan kuwa ba kasafai ake ware masa kuɗi ba.

Abin da kasuwa ta riga ta sani

Ɗan kasuwar Arewa bai karanta Drucker ba, amma yana aiki da rabin littafinsa. Maigida ba ya danƙa ma sabon yaro mabuɗin sito. Yana fara aikensa da ɗan abu, ya ga ko canji zai dawo cif. Daga nan ya zaunar da shi kanti kusa da shi, yaro na kallon yadda ake ciniki, yadda ake ba da bashi da yadda ake karɓo shi. In ya ga alamar kirki, ya ba shi kaya ya kai kasuwar ƙauye, ya dawo a zauna a yi lissafi: ga uwar kuɗi, ga riba, ga abin da ya rage. Sai an jima kafin a aike shi Kamba ko Birnin Kebbi ko Kwanni da kuɗi masu nauyi. Bayan shekaru, wanda ya riƙe amana a yaye shi da jari, ya zama maigidan kansa. Wanda ya ci amana kuwa, labarinsa ya riga shi isa kowace rumfa.

Duk rukunan awo suna cikin wannan: aikin da aka faɗa a fili, horo bisa aiki, lissafi a kai a kai, sakayya da hukunci. Ba a ce tsarin kasuwa ba shi da zalunci ba. Akwai maigidan da ke riƙe yaro shekara goma sha biyar da alkawarin jarin da ba ya zuwa, ba takarda ba shaida, ba inda yaro zai kai kuka. A nan aikin gomnati ya fi, domin ma'aikaci na da dokar da ta kare shi da ƙungiyar da za ta tsaya masa. Amma abin da ya sa idon ɗan kasuwa ba ya rufewa shi ne dukiyarsa ce ke tafiya. Shugaban sarwis kuwa, ko yaronsa ya yi aiki ko bai yi ba, albashinsa ɗaya. Muddin ba a auna shugaba da aikin yaransa, ba shi da dalilin ɓata ma kowa rai.

Kumin goma, tambaya ɗaya

Tun zaɓen watan Yuli 2004 kumin suka fara aiki a duk faɗin ƙasa, cikin 2011 kuma aka ɗaga Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Dogon Dutsi ta riƙe kumin shida: Dutsi, Matankari, Kyeshe, Dankasari, Dogon Kirya da Sukukutan. Tibiri na da huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 370.000 a ta farko, wajen 270.000 a ta biyu. Cikin 2016 gomnati ta sa hannu bisa miƙa ma kumin wasu ayyukan ilimi, lafiya, ruwan sha da muhalli. Cikin watan Afrilu 2024, hukumomin soja da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 suka rusa majalisun kumin suka naɗa wakilai masu riƙo. Ko zaɓaɓɓe ne ke bisa kujera ko naɗaɗɗe, magatakarda da mai karɓar haraji da akawun takardun haihuwa su ne jama'a ke gani kullum.

A wannan mataki ne awo zai fi sauƙi, domin kowa ya san kowa kuma aikin a bayyane yake. Kwana nawa ake ɗauka kafin a ba da takardar haihuwa? Nawa aka tara na harajin kasuwa da patanti, me aka gina da su? Kwana nawa gidan likita ya yi ba maganin zazzaɓi cikin damina? Sau nawa malamin gona ya leƙa masu noman dankalin turawa na fadamun Dutsi? Fanfo nawa suka lalace, kwana nawa suka yi kafin gyara? Yara nawa ne cikin aji biyu ke iya karanta layi guda? Ba a bukatar kwamfuta don amsa waɗannan. Littafi da alƙalami da mutum mai gaskiya sun wadatar. Kwamitocin iyayen yara da na gidajen likita suna nan, su ne idon da kwamandan 1906 bai taɓa nema ba. Tunda kuma dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ba abin da zai hana a rubuta alkawuran kowane sarwis da Hausa a manna bakin ƙofa, mai zuwa ya karanta ko a karanta masa.

Adalci kuma na bukatar a duba inda mutum yake aiki. Malamin da ya yarda ya zauna ƙauyen arewacin gunduma, inda hanya ba kyau kuma rashin tsaro ya sa mutane kwana da ido ɗaya, bai kamata a auna shi da mudu ɗaya da na cikin gari ba. Zamansa can kaɗai abin lissafi ne wurin ƙarin girma.

Abin da ya rage yana hannun magabata. Su biya haƙƙi cikin lokaci, su ba sufeto man zagaya, su koya ma shugabanni shugabanci kafin su naɗa su, su kuma ɗaure ma wanda ya rubuta gaskiya gindi ranar da manya suka fara kiran waya. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma su sani cewa kare malalaci cin haƙƙin mai himma ne, kuma masu himma suna da yawa cikin ma'aikatan Arewa: ungozomar da ake tasa da tsakar dare, malamin da ke sayen alli da kuɗinsa, akawun da ba ya karɓar goro. Su ne takardar maki ta fi cuta, tunda ta jera su sahu ɗaya da wanda ba a gani sai ranar albashi. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.